Kamfani ke biya, darakta ke magana: wa ke da ikon sanin sirrin?

Jama'a, ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a harkar horar da shugabannin kamfanoni. Wani kamfani ne ya ba da kwangilar horar da daraktansa, ta wata shida, zama 12. A zama na biyar sashen kula da ma'aikata, mai biyan kuɗin, ya nemi rubutaccen rahoton abin da daraktan ke faɗa. Ƙa'idojin ICF, ƙungiyar masu horarwa ta duniya, sun hana fitar da sirrinsa ba da yardarsa ba, amma yarjejeniyar ba ta fayyace wa zai ga me ba. Nan aka yi sakaci. In aka bayar, daraktan zai kama bakinsa. In aka hana, a soke kwangilar. Shin zaman mutum uku (mai horarwa, daraktan da wakilin sashen) yanzu zai gyara? Kuma rahoton ya tsaya ga halarta da burin da aka amince da shi kawai?