Abin da masu sassaƙa duwatsun ado suka ce kan obsidiyan

A wata hira da muka yi da masu sha'awar duwatsun zobe a Marwa da ke arewacin Kamaru, an daɗe kan obsidiyan. Gilashi ne da dutse mai aman wuta ke haifarwa in narkakken dutsen ya huce da sauri. Ana samunsa a Habasha, Kenya da Meziko. Taurinsa 5 zuwa 5.5 ne a ma'aunin Mohs, mai auna taurin duwatsu daga 1 zuwa 10, don haka yana cin niƙa da sauƙi, amma bakinsa in ya tsage ya fi reza kaifi. Wani dattijo ya nuna mana tabon da ya bar masa a babban yatsa.

Shawarar da kowa ya nanata ita ce ruwa. Kada a taɓa niƙa shi a bushe: zafi na tsaga shi, ƙurarsa kuma tana lalata huhu. A manna dutsen a kan guntun sanda da kaki, a riƙa juya shi har samansa ya yi doro kamar bayan kunkuru.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne gaggawa wajen samfefa. Daga mai kaushi zuwa mai laushi ake bi: daga lamba 220 a je 600, sai 1200, sannan 3000, ba tsallake. Baƙin dutse ba ya rufa asiri. Ƙarzane ɗaya in ya saura, yana ɗaukar sheƙi za ka gan shi ɓaro-ɓaro. Shi ya sa bayan kowane mataki ake goge shi, a shanya, a duba a hasken rana.

Sheƙin ƙarshe kuwa, da garin seriyam oksaid, wani sinadarin goge gilashi, ake yin sa a kan jiƙaƙƙiyar fata. Fata dai ba ta yi mana wuya a Marwa.