Neman Shawara: A Sayar da Sa In Yi Digiri na Biyu?

Ɗan Gwaram: Assalamu alaikum. Na karanta tattalin arziki a Jami'ar Tarayya ta Dutse, na fito da sakamakon 2:2, wato mataki na biyu na ƙasa. Shekara biyu ke nan da gama bautar ƙasa, aiki shiru, ga shi ina da shekara 28. Baba ya ce zai sayar da sa ɗaya cikin shanun huɗarmu in tafi Jami'ar Bayero ta Kano (BUK) in yi mastas, wato digiri na biyu. In karɓa ko in haƙura?

Malami daga Wudil: Wa'alaikumus salam. Ƙanena, wace ƙofa kake son takardar ta buɗe maka? In koyarwa a jami'a ce, ba makawa, don ba a ɗaukar mataimakin lakcara sai da ita. Amma iri biyu ce. Akwai ta bincike, M.Sc, wadda ake rubuta kundi a kare shi gaban mai jarrabawa daga wata jami'a, ita ce ke kai mutum ga digirin digirgir. Akwai ta ma'aikata, irin su MBA ta harkar kasuwanci da MPA ta aikin gwamnati, ta fi tsada, kuma yawanci ba a hawa koyarwa da ita. Da 2:2 kana iya neman gurbi, sai dai masu 2:1, matakin da ke sama da naka, ake fara dubawa. A takarda zango uku ne zuwa huɗu, amma kundin ke cinye lokaci: malamin da ke duba ka ɗalibai sun yi masa yawa, babi ɗaya sai ya yi wata biyu a teburinsa. Ga yajin aiki, na ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU a 2022 wata 8 ya kwashe.

Hajiya daga Kazaure: Ɗana, kuɗin rajista shi ne ƙarami. Haɗa kuɗin mota daga Gwaram zuwa Kano tun da aka cire tallafin mai a 2023, da wurin kwana, abinci, data, fita tattara bayanai, da buga kundi duk lokacin da aka yi gyara. Sa ɗaya ba zai kai ka ƙarshe ba, kuma garma ba ta jawuwa da sa ɗaya. Damina na zuwa sai hayar shanun huɗa. Sannan tallan aiki da yawa suna yankewa a shekara 30, wasu ma ƙasa da haka.

Ma'aikaci daga Ringim: Mastas ba ta samar da gurbin aiki, ɗaga wanda ya riga ya shiga take yi. Ka yi PGDE, wato difilomar koyarwa ta masu digiri, shekara ɗaya ce, Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa (NTI) na da cibiyoyin da ake zuwa ƙarshen mako, sai ka yi rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, ka nemi koyarwa. In an tabbatar da kai a aiki, ka nemi hutun karatu da albashi. Ka karɓi amincewa a rubuce kafin ka yi rajista, in ba haka ba ana iya ƙin lissafa takardar lokacin ƙarin girma. Kada kuma ka sa rai da TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, yanzu, ma'aikatan manyan makarantun gwamnati take ɗaukar nauyinsu.

Ɗan Gwaram: Na gode, Yallaɓai. PGDE ɗin za su karɓi wanda ya karanta tattalin arziki?

Ma'aikaci daga Ringim: Don irinku aka yi ta. Ka tanadi takardar digiri, ta bautar ƙasa, da sakamakon sakandare mai kiredit a Turanci da lissafi.