R ta ƙi karanta fayil ɗin ƙauyukan Sakkwato, don Allah ku taimaka

ɗalibi_daga_Dundaye:
Assalamu alaikum jama'a. Kwana ukku ke nan ina kokawa cikin R, manhajar nazarin alƙaluma, da wani fayil na txt da anka ba ni don aikin kammala digiri, ƙauyukan jihar Sakkwato ne da lambobin GPS ɗinsu, amma wanda yar rubuta shi bai yi shi a tebur ba. Sai ka ga sunan ƙaramar hukuma shi kaɗai a layi, kamar Rabah, ƙarƙashinshi mazaɓa an ɗan matsa da ita ciki, sannan ƙauyuka, wata mazaɓa ƙauye huɗu wata ashirin da wani abu. In na sa read.table, umarnin karanta tebur, sai R ta ce layukan ba su zo daidai ba, in na matsa mata kuma ta haɗiye layi da yawa ta cusa su gida guda. Ko in gyara da hannu cikin Excel? Layi ya fi dubu biyu wallahi.

malamin_lissafi:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Kada ka gyara da hannu, gobe in anka kawo maka sabon fayil sai ka koma farko. read.table tebur ta sani, wanga kuwa ba tebur ba ne. Ɗauko shi da readLines, kowane layi ya shigo yadda yake, sannan ka ƙirga gurbin (space) da ke farkon layi: babu gurbi ƙaramar hukuma ce, gurbi biyu mazaɓa, layin da ke da lambobi ƙauye ne. Ka buɗe wa ƙaramar hukuma da mazaɓa nasu gidan (column), sai umarnin fill na tidyr, wani ƙunshin R, ya zubo sunan ƙasa har ya riski na gaba, daga nan ka zubar da layukan kai. Kuma kada ka raba layi da gurbi kawai, Sabon Birni zai tsage biyu.

yar_rigakafi:
Haɗiye layin nan na san shi, ya taɓa cinye min yini guda. Sunaye irin 'Yar Tsakuwa ne, R na ɗaukar alamar ' ta farkon sunan a matsayin buɗe zance sai ta yi ta neman inda anka rufe. Ka duba kuma ko wani wuri tab ne ba gurbi ba, ido ba ya ganewa. Lambar ƙaramar hukuma ka bar ta a rubutu in ba haka ba 01 zai koma 1. In ka gama ka ƙirga ƙananan hukumomi, 23 ya kamata ka samu, mazaɓu 244 in fayil ɗin cikakke ne. In ka ga 24 to duba Wamakko da Wamako. Sannan Sakkwato na wajen 13 arewa 5 gabas, in lambobin biyu sunka juye ƙauyukanka Kamaru za su faɗa.

ɗalibi_daga_Dundaye:
Allah ya saka da alheri Malam, Yaya na gode ƙwarai. Ya shiga! 25 na samu da farko, ashe Dange Shuni an rubuta shi iri ukku, yanzu 23 cif. Saura ƙauye tara da ba su da GPS sam, in bar su babu komai ko in cire su?