Liability: alhaki ce, lamuni ce, ko alhakin biya?

'Yan uwa masu fassara da ma'aikatan rediyo, ina so mu tsaya a kan kalmar nan ta lauyoyi, liability. Mun saba mayar da ita "alhaki" mu wuce. Ba kuskure ba ne gaba ɗaya, amma akwai inda take ɓatar da mai sauraro, kuma galibi a wurin ne dukiyar mutane take salwanta.

Idan lauya ya faɗi kalmar a shari'ar da ba ta laifi ba, tambaya ɗaya ce a gabansa: wa doka za ta kama ya biya? Direban kamfanin sufuri ya buge mai babur yana kan aiki, mai kamfanin yana gida bai ma san an yi ba, amma kotu ta ce kamfanin ne zai biya kuɗin asibiti da diyya. To, ka ce wa Bahaushe "alhaki yana kan mai kamfanin". Abin da zai ji shi ne zunubi, domin mu a wurinmu alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Liability kuwa wani lokaci takan tsallake wanda ya yi ɓarnar ta faɗa kan ubangidansa.

Shari'ar da ɗaliban lauya suke fara karantawa a wannan babi ta nuna haka. A 1928, a garin Paisley na Sikotlan, aka saya wa wata mata lemon citta na kwalba, ta sha, sannan ta ce an ga ruɓaɓɓen dodon koɗi a ciki. Ba ita ta biya kuɗin ba, saboda haka babu ciniki tsakaninta da kowa. A 1932 kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan lokaci ta yanke cewa mai yin kaya wajibi ne ya kula da lafiyar wanda zai yi amfani da su, ko da bai taɓa ganinsa ba. Babu wanda ya ce mai lemon ya yi niyyar cuta. Sakaci kawai ake magana, da wanda zai biya.

Wasu za su ce ai muna da kalma tun kafin zuwan Turawa, kuma sun yi gaskiya. Ita ce "lamuni". Daga Larabci ta zo, daga kalmar da malaman fiƙihu suke amfani da ita a wannan babin, harafin farkonta ya koma "l" a bakinmu kamar yadda ya koma a lalura da lamiri da layya. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya ji hukuncin masu sana'a: tela ko marini da aka ba shi kaya ya tafi da su, idan suka salwanta shi ne mai lamuni, ko da lada ya yi aikin ko kyauta. Ya kuma ji hukuncin dabbobi: abin da suka ɓarnata na shuka da dare yana kan masu su, na rana kuwa babu komai a kansu. Wannan ita ce liability tsantsa, kuma alƙalanmu sun daɗe suna yanke hukunci da ita. Raina yana son kalmar nan ƙwarai.

Sai dai kasuwa ta riga ta janye ta. Yau in ka ce lamuni, ɗan kasuwa rance zai ji, ko tsaya wa wani a kan bashi. Rubuta "kamfanin yana da lamuni" a jarida, mai karatu zai ɗauka banki ne ya ba su kuɗi. A kotun shari'ar Musulunci da zauren karatu a bar ta a inda take, can kowa ya san nufinta.

Ga labarai da takardun yarjejeniya, shawarata ita ce "alhakin biya". Alhaki ya riƙe nauyin, biya ya nuna irin nauyin. "Kotu ta ɗora wa kamfanin alhakin biya." "Mai gareji ya rubuta cewa ba ya ɗaukar alhakin biyan kayan da aka bari a mota." Babu tsohuwar da za ta nemi a yi mata bayani. "Ranko" ma kalma ce mai kyau, amma ita sunan abin da ake biya ne bayan nauyin ya tabbata.

Inda na fi damuwa shi ne haruffan Ltd da ke bayan sunan kamfani. Ma'anarsu "ƙayyadadden alhakin biya": idan kamfani ya karye, masu bin bashi dukiyar kamfanin za su bi, mai hannun jari ba ya asarar fiye da abin da ya ɗauki alkawarin zubawa. Shari'ar Salomon, wani mai sana'ar takalma a Landan, ta tabbatar da wannan a 1896. Da yawa daga 'yan kasuwarmu sunan kasuwanci kawai suke yi wa rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, suna zaton sun buɗe kamfani. Mai irin wannan rajista, idan bashi ya tashi, har gidansa da motarsa ana iya bi. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar buɗe ƙaramin kamfani shi kaɗai, amma wa zai nemi abin da ba a taɓa faɗa masa sunansa da Hausa ba?

A shari'ar laifi, inda hukuncin ɗauri ne ko tara, sai mu ce "alhakin laifi". A littafin akanta kuwa kada a wahalar da kowa, "bashin da ake bin kamfani" ya wadatar.