Iyayenmu da suka tsufa a gidan haya: kowa ya faɗi abin da ya gani

Mai buɗe zance, Kaduna:
Assalamu alaikum jama'a. Wata magana ce ta hana ni barci, na ce bari in kawo ta nan. Mahaifina ya yi shekara ashirin da wani abu a wata masaƙa a Kakuri. Da aka rufe ta ya fito ba gida, ba fili. Yanzu ya haura saba'in, shi da mahaifiyarmu suna zaune a ciki da falo. Watan jiya mai gidan ya aiko da takarda, an kusa ninka kuɗin haya, kuma na shekara ake so a dunƙule. Da na je na tarar da Baba a kan tabarma, ya danne takardar da buta kada iska ta ɗauke. Kwana huɗu tana wurinsa bai gaya wa kowa ba, wai kada ya ɗora mana nauyi. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan, yaya kuka yi?

Tsohon malamin firamare, Zariya:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ni ma tsaran mahaifinka ne, kuma jirgi ɗaya ya kwaso mu. Shekara 35 ina riƙe da alli. Abin da ke karya mu shi ne fansho wata-wata yake zuwa, haya kuwa sau ɗaya take faɗo maka gaba ɗaya. Ta yaya mai karɓar kuɗin da ba ya kai shi ƙarshen wata zai tara na shekara? Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, abin da nake warewa don haya magani da masara suke cinye shi. Garatutin da na sa rai zan sayi fili da shi, lokacin da ya fito ko harsashi ba zai zuba ba. Kowa ya ɗauka tsoho yana da gidan gado a ƙauye. Namu tuni aka sayar aka raba, ni da 'yan uwana mu goma sha ɗaya.

Wata uwa, Kano:
Malam, Allah ya kawo sauƙi. Ni ta mata zan yi magana. Yayata mijinta ya rasu suna haya. Mai gidan ya yi kawaici har ta gama takaba, wata huɗu da kwana goma, washegari sai ga dillali da mai son kama ɗakin. Muka yi ta yawon neman wani. Inda kuɗinmu ya kai, ɗaki ne a saman bene, banɗaki a ƙasa, ita kuma ciwon gwiwa. Na ga tana saukowa a zaune, matakala ɗaya-ɗaya, riƙe da buta, don ta yi alwalar asuba. 'Yan garuwa ma sai an ƙara musu kafin su hau da ruwa. Wani mai gidan kuwa da ya ji tsohuwa ce ita kaɗai, cewa ya yi wa zai tsaya mata? A ƙarshe na ɗauko ta, muna ɗaki ɗaya da 'yan matana. Ba ta taɓa ƙorafi ba, amma na san ta fi son nata murhun.

Mai gidan haya, Funtuwa:
Ku yi haƙuri in sa baki, don mu ma ana zaginmu. Ni ma tsoho ne, ɗakuna shidan nan su ne fanshona. Kwano ya yi yoyo, ku je ku tambayi kuɗin siminti da katako. Amma akwai dattijo a gidana shekara goma sha biyu, bayan wata uku-uku yake biya, ban taɓa tura masa dillali ba. Yawanci la'ada ce ke sa a zuga mu mu tashi tsohon ɗan haya.

Ɗan Zongo, Kumasi:
Mu a nan Gana dokar haya ta 1963 ta hana karɓar fiye da na wata shida a gaba. Ku zo Zongo ku gani, shekara biyu ake nema. Kakata sai da muka yi karo-karo har da 'yan uwa na waje.

Ma'aikaciyar kotu, Abuja:
Yayana mai buɗe zance, abu biyu. Na farko, mai biyan haya shekara-shekara, in babu wata yarjejeniya a rubuce da ta saɓa, kafin a tashe shi notis ɗin wata shida ake ba shi, sannan na kwana bakwai, sannan kotu. Ba a cire masa ƙofa ko a watso kayansa waje. Na biyu, duk wanda aka riƙa yankar kashi 2.5 na albashinsa don asusun gidaje na NHF, wanda aka kafa a 1992, kuma bai ci bashin gida ba, yana da damar neman kuɗinsa in ya yi ritaya. Malam na Zariya, a duba tsofaffin takardun albashinku. Abin da ke ci mini rai shi ne tsare-tsaren duk na mallakar gida ne. Ko damar da hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta bayar a 2022, ta cire kashi 25 na asusun fansho don sayen gida, masu aiki ta shafa. Tsohon da ya riga ya ajiye aiki yana haya, an bar shi da 'ya'yansa. Da hukumomin zakka da wakafi irin na Kano da Sakkwato za su gina 'yan ɗakunan da ba na bene ba don dattawa, da an rage hawaye.

Mai buɗe zance, Kaduna:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya bayan la'asar muka je da mai unguwa da limamin layinmu. Mai gidan ya rage kaɗan, ya yarda a biya sau uku, an rubuta an sa hannu. Ni da ƙannena biyu mun raba kason farko. Da muka dawo Baba ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya sa mana albarka, sannan ya tambaye ni a hankali, yadda Inna ba za ta ji ba, ko na baɗi ma mai gidan ya ce wani abu.