Ina so in haɗa nazarin Littafi Mai Tsarki da aikin gona, ta ina zan fara?

Malamin Laraba, Gidan Rumji:

Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwa cikin Ubangiji. An danƙa mini ajin nazarin Littafi Mai Tsarki na yammacin Laraba a wata ƙaramar majami'ar ƙauye, daga wannan wata na Afrilu har kaka. Mutum ashirin ne ko sama da haka kaɗan, duka manoma, mata sun fi yawa, rabinsu ba sa karatu. Nufina shi ne kowane mako in ɗauki aikin da hannunsu ke kai a lokacin in haɗa shi da nassi. Damuwata ɗaya ce, sanina game da noma bai taka kara ya karya ba, kuma ba na so in tsaya gaban wanda ya shekara arba'in da hauya in faɗi abin da zai sa ya yi murmushi ya kau da kai. Wane aiki ya dace da wace aya? Ku faɗa mini yadda ake aikin kansa dalla-dalla, har da inda yake ɓaci.

Tsohon malamin gona, Tarna:

Ɗana, ka zo a kan gaɓa, domin yanzu ake sassabe. Ka fara da Ayuba 14:7-9, inda aka ce itace yana da sa zuciya, ko an sare shi zai sake toho, ko saiwarsa ta tsufa cikin ƙasa, da ya ji ƙanshin ruwa sai ya tsiro kamar sabon dashe. Wannan aya a ƙasarmu ta Maradi aka gwada ta da gatari. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki da mishan ɗin SIM, bayan dashen itatuwa ya yi ta mutuwa a hannunsa, ya lura cewa 'yan cirayin da ake sarewa kowace shekara a gonaki ba ciyayi ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na can ƙasa da ƙarfinta. Daga nan sassabin zamani ya samo asali. An ƙiyasta ya kai eka (wato hekta) miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, yawanci a jihohin Maradi da Damagaram.

Ga yadda ake yi. Mai gona ya zaga ya zaɓi kututturan da zai bari: gawo, kalgo, sabara, magarya, aduwa, duk wanda yake da amfani a gare shi. Mai farawa ya bar kamar 20 zuwa 40 a eka ɗaya. A kowane kututture za ka iske toho goma, ashirin, har talatin sun cunkushe. Sai a zaɓi uku zuwa biyar mafi tsayi, mafi miƙewa, a sare sauran. Waɗanda aka bari a rage masu rassan gefe daga ƙasa zuwa rabin tsayinsu, kada a wuce nan. Bayan wata biyu zuwa shida a dawo, don sabon toho zai fito, a sake cirewa. Wasu suna ɗaura jan tsumma a jiki domin mai neman itacen girki ya san da mai shi.

Inda ake ɓatawa wuri uku ne. Dakusasshen gatari yana farfasa itace, gara da ruɓa su shiga ta nan. Sara daga sama zuwa ƙasa yana yage ɓawo har gindi, shi ya sa ake sara daga ƙasa zuwa sama. Na uku shi ne zalama: mutum ya aske reshe tas ya bar masa ɗan tukku a kai, sai iskar farkon damina ta karya shi, ko akuya ta lanƙwasa shi ta cinye kan. Wasu kuma toho ɗaya tak suke bari, ran da buƙatar sanda ta taso sai su sare shi, aiki ya koma baya.

Kada ka yi wannan darasi cikin ɗaki. Ka kai su gonar wani daga cikinsu, ka miƙa wa dattijo gatari shi ya yi, kai ka karanta ayar. Abin da za ka nuna masu shi ne toho ashirin da aka sare yawancinsu lafiyarsu lau, ba cuta ta kama su ba. Saiwa ɗaya ce ba za ta iya ɗaga talatin su zama itace ba. Tambayi ajin me ya cunkushe a gindin rayuwarsu wanda ba zunubi ba ne amma ya hana komai tsayi. Za su ba ka amsa da kansu, kai dai ka yi shiru.

Akwai wani abu kuma. Lokacin yunwar 1984 an haɗa barin itatuwa da rabon abinci, mutane suka bari da yawa. Da rabon ya ƙare, da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka ga amfanin abin da idonsu ne suka riƙe, daga wurinsu ya bazu. Ka ajiye wannan kusa da Yohanna 6:26, inda Yesu ya ce wa taro suna nemansa ne don sun ci gurasa sun ƙoshi.

Fasto, Madarunfa:

Baba malamin gona ya gama magana a kan sassabe. Zan ƙara gargaɗi ɗaya, Malam, domin na san hannunka zai kai ga Yohanna 15. Ya halatta, amma ka kiyaye wane ne wane. A can Yesu shi ne kurangar inabi, mu ne rassa, Uba shi ne manomi. In ka ce kututture shi ne "tsohuwar rayuwarmu", ka juya nassin kai ƙasa. Aya ta 2 kuma sara iri biyu ta ambata: reshen da ba ya 'ya'ya ana cire shi, mai 'ya'ya ana tsabtace shi don ya ƙara. Wanda ya yi sassaben zamani ya san bambancin nan a hannunsa. In kana son nassin kututture kansa, Ishaya 11:1 ne, toho daga kututturen Yesse.

Mako na biyu ka ɗauki Luka 13:6-9, ɓauren da ya shekara uku ba 'ya'ya, mai lambu ya roƙi a bar shi shekara ɗaya ya tone gindinsa ya sa taki. Aikin da ya yi kama da wannan shi ne tassa. An fi yinta a jihar Tawa, amma a nan ma tana aiki a kan fako, ƙasar da ta daskare ruwa ke gudu a kanta. Da rani ake haƙawa. Rami faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20, tsakanin rami da rami kamar mita ɗaya, wato wajen 10,000 a eka. Ƙasar da aka fitar a tara ta gefen gangare ta tare ruwa. In aka tara ta sama, ita za ta kore ruwan daga ramin, an yi wahalar banza. A zuba ruɓaɓɓen taki cikin tafi biyu. Gara za ta zo cin takin ta huda ƙasa, ta waɗannan hudoji ruwa zai nutse. Ɗanyen taki yana ƙone tsiro, kuma a jigawa tassa ba ta tsayawa, rairayi ke cike ramin kafin ruwa ya sauka.

Abin lura a misalin shi ne mai lambu bai roƙi lokaci ya koma inuwa ya zauna ba, ya ɗora wa kansa tono da ɗaukar taki. Kuma Yesu bai faɗa mana ko ɓauren ya yi 'ya'ya ba. Kai ma kada ka ƙarasa masa labarin.

Mama, zumuntar mata, Tasawa:

Ɗana, tun da mata sun fi yawa a ajinka, kada ka bar ƙuduji. Babu macen da ke da gamana, wato 'yar gonarta ta kanta, da ba ta san shi ba. Ka ajiye shi sai watan Agusta, lokacin da furensa mai ruwan hoda ya bayyana, ka karanta Ibraniyawa 12:15, saiwar ɗaci da ke tsirowa ta dami mutane da yawa.

Irinsa kamar ƙura yake, gindi ɗaya na zubar da dubbai, kuma yana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara goma. Ba ya tsirowa sai ya ji saiwar gero ko dawa kusa da shi. Sai ya manne mata ya yi ta tsotsa makonni yana ƙarƙashin ƙasa. Gero ya tsumbure, ganye ya yi rawaya kamar ƙishirwa ke damunsa alhali ƙasa da laima. Ran da ka ga ƙuduji a sarari, ya riga ya yi yawancin ɓarnarsa. Cirewar da za ka yi ba bana take ceta ba, baɗi da shekarun gaba take ceta. A tuge shi kafin ya yi iri, a fitar da shi daga gona a ƙone. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tuge bayan ya yi fure a yar nan cikin kunya, ya bushe ya ƙarasa zubar da irinsa. Ya fi ƙarfi a gonar da ta gaji, saboda haka taki magani ne, haka ma a huta da gero a sa gyaɗa ko riɗi.

Gaba tsakanin matan gida ɗaya haka take, ba sai na yi maka bayani ba, su za su yi maka.

Sai misalin zawan, Matiyu 13:24-30, inda maigida ya hana bayinsa tuge zawan, ciyawa mai kama da alkama, don kada su tuge alkama tare da shi. Ba mu da alkama a tudu, amma muna da shibra. Tana ƙarama ba ka raba ta da gero, ko tsohon manomi takan ruɗe shi. Sai ta fidda kai za ka gane ta: zangarniya gajera mai gashi, ƙwaya ƙanana, tana riga gero nuna, tana kakkaɓewa da kanta. Amma ka yi hattara a nan. Kada ka ce masu Yesu ya ce a bar shibra a gona. Mai son iri mai kyau yana cire ta da zarar ya gane ta, domin iska tana kai garin furenta kan gero, irin baɗi ya gauraye. Wasu kuma da gangan suke barin kaɗan, ita ke fara ba yara abin kunu kafin gero ya nuna. Misalin yana magana ne a kan wa ke da ikon raba mutane da yaushe. Abin da za ka ɗauka daga shibra shi ne wahalar ganewa kawai.

Malamin Laraba, Gidan Rumji:

Na gode ƙwarai, Baba, Fasto, Mama. Allah ya ƙara maku ƙarfi. Saura watan Yuni da Yuli. Misalin mai shuka a Markus 4 yana ba ni tsoro, don an ce ya watsa iri har kan hanya, mu kuwa ba ma watsawa. Yaya zan yi da wannan?

Tsohon malamin gona, Tarna:

Ka faɗa masu gaskiya, a ƙasar Isra'ila watsa alkama da sha'ir ake yi da hannu, mu kuwa da sungumi muke sara, mai bin baya ya jefa iri ya rufe da diddige. In ba ka faɗa ba, za su ɗauka mai shukan nan sakarai ne mai ɓarnar iri. Ƙasa iri huɗu kuwa sun fi ka saninta. Ka bar su su ba ta suna, za ka ji jigawa, geza, fako, fadama, da abin da kowace ke yi wa tsiro.

Wanda ya fi kama zuciyar manomin Maradi shi ne tsiron da ya fito da sauri rana ta ƙone shi. Wannan shi ke samun binne. An zuba iri a busasshiyar ƙasa, yayyafi ya sauka wanda ya isa ya tsirar amma bai isa ya raya ba, sai kwana goma sha biyar ba hadari. A sake shuka, wani lokaci sau uku. Shi ya sa ake cewa a jira ruwan da ya kai milimita 15 zuwa 20, ko a tona a ga laima ta kai tsawon tafin hannu. Sai dai mai jira da yawa shi ma yana asara, damina a nan wata uku ce zuwa huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. Ka karanta Yakubu 5:7 a kan haƙurin manomi tare da Mai-Wa'azi 11:4 a kan mai duban iska da ba zai shuka ba, ka bar su su yi gardama a kan wanne ya shafi bana.

Ga Yuli, ragin tsiro. Kwana 15 zuwa 21 bayan shuka, tare da noman fari, a bar uku a kowane gindi, ran da ƙasa ke da laima. In aka wuce wata, saiwoyi sun sarƙe, ka ja ɗaya ka girgiza na kusa da shi. Daidai abin da maigidan ya ji tsoro ke nan a misalin zawan da Mama ta kawo, saboda haka ka jera darussan biyu kusa da juna. Mai sa takin zamani kaɗan-kaɗan kuma, giram 6 na 15-15-15 a gindi, cikin murfin kwalba ɗaya ke nan, kilo 60 a eka. Kada ya taɓa iri, a raba su da 'yar ƙasa, in ba haka ba ran da ruwa ya yi ƙaranci shi zai ƙone tsiron.

Gawo kuma ka bar shi sai bayan kaka, don Irmiya 17:7-8. Da damina za ka iske shi tsirara ba ganye, in ka kai su gindinsa a Yuli kana karanta itacen da ganyensa ba ya bushewa, yara ma za su yi maka dariya. Daga Nuwamba yake yin kore.