Me ke sa yara gudu da son ransu a makaranta?

Malamin Firamare, Zariya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Hedimasta ya ɗora mini fitar da 'yan aji uku zuwa shida gudu kowace safiya kafin a shiga aji. Makon farko kamar su tashi sama don murna. Da aka shiga mako na uku, wannan ciwon ciki, wancan ƙaya ta soke shi. Na yi musu bayanin amfanin motsa jiki har bakina ya bushe, suna kallona kawai. Wanda ya taɓa ganin abin da ya yi aiki, don Allah ya taimaka.

Maman Ummi: Wa alaikumus salam Malam. Ɗan shekara takwas ina ruwansa da hawan jini? Ummi ko aike ba ta so, amma da intahaus ya matso aka sa ta a gidan kore, ita ke tashina da asuba. Da na bi diddigi, ashe gulukos ne. Bayan tsere malamarsu na zuba musu cokali guda a tafin hannu, su lashe har leɓe ya yi fari. Na sayo mata gwangwani guda na ajiye a gida, ta ɗanɗana ta ce wai na makaranta ya fi daɗi.

Baban Sadiƙ, Gilasgo: A nan akwai abin da suke kira Daily Mile. Wata shugabar makaranta, Elaine Wyllie, ta fara shi a 2012 a firamaren St Ninian's da ke Stirling, nan Sikotland. Minti 15 ne kacal, da kayan makarantar da ke jikinsu, ba canza riga, kuma babu na ɗaya babu na ƙarshe. Wanda ya gaji ya yi tafiya. Na tambayi Sadiƙ abin da ke burge shi, ya ce lokacin ne kaɗai suke hirar ƙwallo da abokinsa ba wanda zai ce su yi shiru. Ranar da abokin ya yi rashin lafiya, da kansa ya faɗa mini rabin lokacin a tafe ya yi shi.

Tsohon Ɗan Kwana: Ni dai abu ɗaya zan roƙe ka Malam, kada ka mai da gudu horo. A makarantar kwana da na yi, cikin hunturu ake kaɗa mu kuros-kantiri tun duhu bai washe ba, siniyoyi na binmu da bel. In ka makara aji ma, zagaye fili biyar. Yau shekarata 46, likita na ta fama da ni in riƙa sassarfa, da na ɗaura takalmi sai in ji ƙarar bel ɗin nan. Amma Baban Sadiƙ, ban yarda a cire gasa gaba ɗaya ba. Yaranmu da suka tashi da langa, in ba wanda za a kayar ai barci za su yi.

Malama Mai Aji Biyar: Yaya, gasar ce ke korar masu jiki da marasa sauri, su ne kuma suka fi buƙata. Ni haɗa su na yi waje ɗaya. Filinmu zagaye ɗaya wajen mita 200 ne. Duk wanda ya zagayo ya jefa ƙwallon dabino ɗaya a gwangwanin madara. Na ce musu gudun yada-ƙanin-wani kilomita 42 ne, wato ƙwallo 210, mu gani kwana nawa ajin zai cika shi. Ranar Juma'a mu zazzage mu ƙirga da ƙarfi. Sai ga masu sauri na komawa baya suna jan hannun na ƙarshe, don ƙwallonsa ma ɗaya ne da nasu. 'Yan mata manya kuwa kunyar samarin da ke leƙe ta katanga ce ta hana su. Na mai da su bayan azuzuwa, na ɗaure hijabina a ƙugu na shiga gaba. Dariyar yadda nake haki kaɗai ta sa suka yi zagaye huɗu.

Malamin Firamare, Zariya: Allah ya saka da alheri. Na gwada gwangwanin jiya, 'yan aji huɗu sun tara 63, har an kama wani ya zo da ƙwallaye daga gida a aljihu. Saura matsala ɗaya: da yawansu ko koko ba sa sha kafin su fito, yarinya ɗaya jiri ya ɗebe ta a zagaye na biyu. Malama, ke da safe kike fitar da su ko sai bayan tara, sun ci wani abu?